Yarinyar da Ke Ɗakin Miji: Haihuwar Ƙuruciya a Ƙasar Hausa

Binciken lafiyar iyali da Hukumar Ƙidayar Jama'a ta Nijeriya ta gudanar a 2018 ya gano cewa kashi 19 cikin ɗari na mata masu shekara 15 zuwa 19 sun riga sun haihu ko suna ɗauke da cikin fari. Sai an rarraba wannan adadi ake gane inda nauyin ya kwanta. A Jihar Legas kashi 1 ne, a Jihar Bauchi kashi 41. A shiyyar Kudu maso Yamma kashi 6, a Arewa maso Yamma kashi 29. A birane kashi 8, a karkara kashi 27. Tazara mafi faɗi kuwa tana tsakanin masu karatu da marasa shi: cikin waɗanda ba su taɓa shiga aji ba kashi 44 sun soma haihuwa, cikin waɗanda suka wuce sakandare kashi 1 kacal. Idan aka tsallaka iyaka zuwa Jamhuriyar Nijar, irin wannan bincike na 2012 ya samu kashi 40, ya kuma nuna cewa kashi 76 na mata masu shekara 20 zuwa 24 an aurar da su kafin su cika 18. A jihar Maraɗi adadin ya kai kashi 89.

Duk wanda ya tashi a Kazaure ko Tasawa ya san cewa mafi yawan 'yan matan nan matan aure ne. Cikin da suke ɗauke da shi an roƙe shi tun ranar kai amarya, lokacin da tsofaffi ke addu'ar Allah ya kawo ƙazantar ɗaki. Idan shekara ta zagayo shiru, uwar miji za ta fara tambaya, dangi su fara aiko da saiwa da rubutu. Nan matsalarmu ta sha bamban da ta ƙasashen da aka fi yin rubutu a kansu. Gwamnatin Birtaniya ta ƙaddamar da wani shiri na shekara goma a Ingila a 1999, kuma zuwa 2014 ɗaukar ciki a tsakanin 'yan ƙasa da shekara 18 ya ragu da rabi. Nasara ce ta gaske. Sai dai yarinyar da aka tsara shirin dominta 'yar makaranta ce, ba ta da miji, ba ta kuma nemi cikin ba. Tamu tana da miji da uwar miji, galibi ba ta zuwa makaranta, kuma ba ita ke tsai da ranar tarewa ko inda za ta haihu ba. Abin da nake son kafa hujja a kansa shi ne mun shafe shekara ashirin muna jayayya a kan shekarun aure, muka bar yarinyar da ta riga ta tare ba mai waiwayarta, alhali ta wajenta ne za a fi saurin rage mace-mace, kuma makarantar da za ta karɓe ta da goyonta ita ce dai wadda za ta jinkirta auren ƙannenta.

A fara da jikinta. Daga 1976 zuwa 1979, Farfesa Kelsey Harrison da abokan aikinsa na asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya sun bi diddigin haihuwa 22,774 a jere, aka buga sakamakon a 1985. Sun ga cewa mutuwa ta fi yawa a tsakanin ƙananan 'yan mata masu cikin fari da matan da suka yi haihuwa da yawa, musamman waɗanda ba su taɓa zuwa awo ba sai da naƙuda ta gagara a gida. Sun kuma ga wani abu da ya kamata kowace ungozoma ta sani: yaran da aka ba su maganin zazzaɓin cizon sauro da magungunan ƙarin jini suna cikin goyon ciki sun ci gaba da ƙara tsawo, kuma waɗanda suka ƙara tsawon sun fi samun sauƙin haihuwa. Yarinya mai shekara 14 da ke da ciki ba ta gama girma ba, jikinta da na abin da ke cikinta abinci ɗaya suke nema. Ƙuruciya haɗari ce, amma sai ta haɗu da yunwa da rashin awo da nisan asibiti take yin ɓarnar da muke gani.

Mafi sananniyar ɓarnar ita ce yoyon fitsari. Kan jariri yakan tokare a ƙugun da bai buɗe ba, naƙuda ta yi kwana biyu ko uku, ƙashin kan ya danne naman da ke tsakanin mafitsara da hanyar haihuwa har jini ya daina isa wurin. Naman ya mutu, ya ɓule, fitsari ya riƙa zuba dare da rana. Galibi jaririn ba ya zuwa da rai, mijin ma sau da yawa ba ya jurewa. Dakta Kees Waaldijk, likita ɗan ƙasar Holan, ya zo asibitin Babbar Ruga da ke Katsina a 1983 domin aikin kuturta, yawan matan da ya tarar da wannan lalura ya sa ya koma yi musu tiyata, ya yi wa dubbai aiki, ya kuma horar da likitocin da ke riƙe da fannin a yau. Akwai cibiyar Laure a asibitin Murtala da ke Kano, akwai asibitin Jahun a Jigawa, akwai cibiyar Danja kusa da Maraɗi da aka buɗe a 2012. Aikinsu abin godiya ne, amma duk gyara ne bayan an yi ɓari. Abin da ke hana lalurar tun farko shi ne a fiɗa mace a ciro jariri kafin naƙuda ta yi tsawo, kuma da haka ta ɓace a ƙasashen Turai. Binciken 2018 ya nuna kashi 16 ne kawai na haihuwar da ake yi a Arewa maso Yamma ake yin ta a asibiti.

Me ke tsare mai cikin fari a gida? L. Lewis Wall, likita kuma masanin al'adu wanda ya yi zama a karkarar Katsina, ya yi rubutu a kan wannan a 1998, kuma abin da ya bayyana sananne ne a gidajenmu. Akwai kunya. An raini yarinya a kan kada ta ambaci cikinta, kada ta nuna tana naƙuda, kada a ji kukanta, domin rakin haihuwar fari abin gori ne har tsufa. Sai ta danne ciwo a ƙuryar ɗaki har ya wuce gona da iri. Akwai izinin miji, wanda wataƙila yana ci-rani a Legas ko Agadas, babu kuma wanda zai ɗauki nauyin fitar da matar wani. Akwai kuɗin mota da na jini. A wasu wuraren har yanzu akan yi yankan gishiri idan haihuwa ta tsaya, wanda shi kansa yana ɓula mafitsara. Jijjiga kuwa, wadda wasu ke kira taune-taune kuma ake danganta ta da iskoki, ta fi kama masu cikin fari. Awon hawan jini yana nuna alamarta tun kafin ta kayar da mace, kuma allurar da ake tsai da ita ba ta da tsada. Babu ko ɗaya cikin waɗannan da sai an jira an sasanta rigimar shekarun aure kafin a gyara shi.

Rigimar kanta ta daɗe. Dokar 'Yancin Yara ta 2003 ta sa shekara 18 a matsayin mafi ƙarancin shekarun aure, amma ba ta aiki a jiha sai majalisar jihar ta amince da ita. Kano ba ta sa hannu a kan tata dokar kare yara ba sai 2023, wasu jihohin Arewa kuma da suka yi nasu sun kauce wa ƙayyade shekarar aure. A Yulin 2013 Majalisar Dattawa ta so goge sashe na 29(4)(b) na Kundin Tsarin Mulkin 1999, wanda ya ɗauki duk matar aure a matsayin wadda ta kai munzali a batun sauya ƙasa. Sanata Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙi, aka sake jefa ƙuri'a, ba a samu kashi biyu cikin uku ba, sashen ya zauna. A Nijar dokar farar hula ta sa shekara 15 ga mace, 18 ga namiji, mafi yawan aure kuma bisa al'ada da addini ake ɗaura shi. Ina ganin doka tana da amfaninta, ko ba komai tana ba alƙali abin riƙewa idan yarinya ta gudo daga auren dole. Amma aure a ƙauye a zaure ake ɗaura shi, da waliyyi da shaidu da goro, yarinyar kuma sau da yawa ba ta da takardar haihuwa da za ta nuna shekarunta. Dokar da sai ɗan sanda ya shiga zauren mai unguwa kafin ta yi aiki, ba za ta yi nisa ba.

Ya kamata a saurari uban da ke cewa gara ta yi a ɗakinta. Ba mugu ba ne, lissafi yake yi da abin da ke gabansa. 'Yarsa ta balaga, tana yawon talla domin uwarta ta tara kayan ɗaki, samari suna tare ta a tasha da bakin kasuwa, shi kuma abin kunya yake tsoro fiye da talauci. Makarantar firamaren garinsu ta riƙe ta shekara shida ta fito ba ta iya karanta wasiƙa ba. Sakandare tana wani gari mai nisa, babu malama mace, babu banɗaki mai ƙofa. Makarantar kwana kuma, wadda a da ita ce mafita ga 'yar ƙauye, yanzu sunanta ya haɗu da Chibok a 2014, da Dapchi a 2018, da Jangebe a 2021, inda aka kwashi ɗaruruwan ɗalibai mata. Idan aka ce wa wannan uba ya jira har shekara 18, tambayarsa ita ce ta jira tana yin me, kuma a hannun wa. Wanda bai da amsar wannan tambaya bai fara aiki ba.

Akwai waɗanda suka nemo amsar. Cibiyar Ilimin 'Ya'ya Mata da ke Zariya ta fara ne da tambayar iyaye a ƙauyukan da ke kewaye da birnin abin da zai sa su jinkirta aurar da 'ya'yansu, iyayen kuma suka nuna makarantar da yaro zai koyi abu a cikinta. Sai cibiyar ta haɗa abubuwa kaɗan wuri guda: tattaunawa da malamai da masu unguwanni, ƙananan azuzuwa a cikin gari inda mace mai ilimi ke koya wa 'yan mata karatu da lissafi, da biyan kuɗin makaranta ko na koyon sana'a. Masu shakka sukan ce alaƙar ilimi da jinkirin aure ruɗi ce, wai 'ya'yan masu hali ne ke karatu, su ne kuma dama ba sa aure da wuri. Shakkar tana da tushe, shi ya sa gwajin da aka yi wa wannan shiri yake da muhimmanci. An zaɓi garuruwa ta hanyar ƙuri'a, aka kai shirin wasu aka bar wasu, duk a tsakanin 'yan matan da ba sa makaranta. Bayan shekara biyu, kusan huɗu cikin biyar na 'yan matan garuruwan da shirin ya shiga ba su yi aure ba, a ɗaya ɓangaren kuwa mafi yawansu sun tare. Babu uban da aka kai kotu. Shirin ilimin 'yan mata na AGILE da Bankin Duniya ya amince da shi a 2020 da dala miliyan 500, aka ƙara masa miliyan 700 a 2023, a kan wannan fahimta aka gina shi, haka ma makarantun kwana na 'yan mata da Mohamed Bazoum ya sa a gaba bayan ya hau mulkin Nijar a 2021. Ma'aunin da za a auna su da shi ba yawan azuzuwan da aka yi wa fenti ba ne, a duba ko yarinyar da ta gama aji uku tana iya karatu.

To amma wadda ta riga ta tare fa? Ita ce ta faɗa tsakani. Masu shirin 'yan mata suna ganin ta wuce hannunsu, masu shirin mata suna tara manya waɗanda ba za ta iya buɗe baki a gabansu ba. A takarda tana da haƙƙi. Sashe na 15(5) na dokar 2003 ya ce a ba yarinyar da ta yi ciki damar komawa karatu bayan ta haihu. Nijar ta fitar da doka a Disambar 2017 domin riƙe 'ya mace a makaranta, kotun ECOWAS da ke Abuja kuma ta yanke hukunci a 2019 cewa hana masu ciki shiga aji da Saliyo ta yi ya saɓa wa haƙƙinsu. A aikace, aji na farawa da ƙarfe takwas na safe, lokacin da take ɗora koko da wankin tsummokara, babu inda za ta ajiye jariri, shugaban makaranta kuma yana tsoron a ce matar aure za ta buɗe wa sauran ido. Sau nawa ake alƙawari a wurin neman aure cewa za ta ci gaba da karatu a ɗakinta, laulayin farko ya share maganar?

Karatun matar aure ba baƙon abu ba ne a wurinmu, kuma wannan ita ce hujjar da ta fi ƙarfi a gaban malamai. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya soki malaman da ke karantar da almajirai su bar matansu da 'ya'yansu cikin jahilci. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda malamai mata da ake kira jaji ke zuwa su ɗauki karatu su koma su koyar da matan ƙauyukansu a cikin gida. Gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa hukumar ilimin manya ta Kano a 1980. Balaraba Ramat Yakubu, wadda aka cire daga makaranta aka aurar tana ƙarama, ta irin wannan hanya ta koma karatu, ta zama marubuciyar da ta fitar da Wa Zai Auri Jahila? a 1990. A yau ma Islamiyyun matan aure suna cika da dare a unguwannin Kano da Zariya da Damagaram, da izinin mazan da suke cewa boko ba na matar aure ba ne. Ke nan mazan ba fitar ce suke ƙi ba, suna duba lokaci da wuri da wanda ke koyarwa. Ajin la'asar a cikin unguwa, da malama mace, da ɗaki guda da wata dattijuwa za ta riƙe jarirai, da damar zana jarrabawar kammala sakandare, duk ba su fi ƙarfin kasafin ƙaramar hukuma ba.

Sai batun ciki na biyu, wanda aka fi sakaci da shi. Yarinyar da ta haihu tana da shekara 16, idan ta sake haihuwa a 17 da rabi, jininta bai dawo ba, karatu kuma ya tafi ke nan. A 2018 kusan kashi 2 ne kawai na matan aure masu shekara 15 zuwa 19 ke amfani da hanyoyin zamani na ba da tazarar haihuwa. Kakanninmu sun san illar kwanika, shi ya sa mai haihuwar fari kan tafi wankan gida ta daɗe wurin uwarta, ake kuma shayarwa har kusan shekara biyu. Wannan kariya ta raunana, ba a maye gurbinta da komai ba. Malamai da dama sun halatta tazara domin lafiyar uwa da jariri bisa yardar ma'aurata, saura a isar da maganar ga miji. A jihar Damagaram, wajajen 2008, aka fara makarantun mazaje da tallafin hukumar UNFPA: magidanta masu mutunci a gari suna zama da ma'aikatan lafiya, su tattauna awo da haihuwa a asibiti da tazara, sannan su kai wa 'yan'uwansu maza a majalisa da masallaci. Tsarin ya bazu zuwa sauran jihohin Nijar har da wasu ƙasashe maƙwabta. Ya dace a ɗauko shi sosai a wannan ɓangaren iyaka, a kuma faɗaɗa shi ya haɗa da uwar miji, domin a gidaje da yawa maganarta ce ta ƙarshe. Shi ma angon sau da yawa matashi ne mai acaɓa ko ɗan ga-ruwa, wanda babu wanda ya taɓa gaya masa cewa kumburin ƙafa da ciwon kai a wata na takwas alamar haɗari ce. Idan nauyi ya yi masa yawa sai ya yi saki, a samu ƙaramar bazawara da goyo a gidan uban da dama talauci ne ya sa ya aurar da ita. Dokar iyali da Sarkin Kano Muhammadu Sanusi II ya yi magana a kanta a 2017 ta taɓo ciyarwa da haƙƙin 'ya'ya bayan saki, kuma wannan ɓangare ya cancanci a dawo da shi gaban majalisa ko da an ajiye sauran.

Akwai kuma wadda ta yi ciki ba aure. Ba su kai matan aure yawa ba, amma halinsu ya fi muni. Da yawansu 'yan talla ne ko 'yan aikin gida, kuma wanda ya yi cikin babba ne, wani lokacin ma fyaɗe ne. A farkon 2001 an yi wa wata yarinya bulala ɗari a Zamfara saboda ciki, mazan da ta ambata kuwa babu wanda aka hukunta. Tsoron irin wannan tonon silili ne ke sa a ɓoye yarinya har ta haihu ba awo, ko a kai ta wurin mai zubar da ciki a ɓoye ta rasa ranta, ko a wayi gari a tsinci jariri a kwata. Jaririn bai yi laifin komai ba, addini ma bai ɗora masa ba. Mafi ƙarancin abin da ya wajaba shi ne ma'aikaciyar asibiti ta karɓe ta awo ba tare da tambayar ina mijinki a gaban jama'a ba, hukuma kuma ta bi wanda ya yi ɓarnar.

Duk wannan yana bukatar mata ma'aikatan lafiya a karkara, domin maigida da yawa ba zai bari namiji ya karɓi haihuwar matarsa ba, ungozomar da aka turo daga birni kuma ba ta daɗewa a ƙauye. Daga 2012 zuwa 2020 wani shiri da Birtaniya ta tallafa a jihohin Jigawa, Kano, Katsina, Yobe da Zamfara ya gwada ɗauko 'yan matan karkara, har da matan aure masu goyo, waɗanda sakamakon jarrabawarsu bai kai ba. Aka ba su shekara guda ta share fage, aka tanadi masauki da wurin renon yara a makarantun koyon jinya da ungozoma, garuruwansu kuma suka tsaya musu bisa sharaɗin za su dawo gida su yi aiki. Tallafin waje ya ƙare a 2020. Ci gaba da ɗaukar nauyin wannan shekara ta share fage, da albashin waɗanda suka kammala, yanzu yana wuyan gwamnatocin jihohin ne, kuma a kasafin kuɗin kowace shekara ya kamata 'yan majalisa da 'yan jarida su riƙa neman layin da aka rubuta shi.